Kwale-kwalen Mutum Biyu

Ku da kuke cewa waya ta cinye aikinmu, wai yanzu kowa daga kan gadonsa yake shirya wa iyalinsa hutu, ina da tambaya. Kun taɓa tsayawa a ƙofar filin wasan ruwa da yaro ɗan shekara shida, an jingina shi da sanda an auna, an ce saura yatsa biyu ya kai tsawon da ake bari a hau doguwar zamiya? Ni na tsaya. Wata uku yaron nan yana kallon hoton zamiyar a wayar ubansa. Ya kwanta a ƙasa ya dinga birgima har mutane suka taru, uban kuwa sai harara ta yake kamar ni na hana ɗan nasa tsawo. Da na dawo Doha ban zame ko'ina ba sai shagon tela, na sayi tef ɗin awo na rataya a wuya. Tun daga ranar babu yaron da ya shigo ofishinmu ya fita ban auna shi ba, har baƙi suna leƙowa suna tambaya ko ɗinki muke yi.

Sunana Kulu, mutuniyar Zariya ce ni. Maigidana Malam na biyo lokacin da ya samu koyarwa a Doha, zaman gida ya ishe ni, na samu gurbi a wani ɗan ofishin tafiye-tafiye a Fereej Abdel Aziz, tsakanin shagon aski da mai sayar da akwatuna. Mai ofishin, Ustaz Bashir, mutumin Sudan ne, amma kakanninsa Hausawa ne da suka taso aikin Hajji a ƙafa suka yada zango ba su ƙarasa komawa ba. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, in yana magana sai in tuna kakata. Wata shida na yi a wurinsa bai bar ni na taɓa kwamfuta ba. Shayi nake haɗawa, in zauna a gefe ina jin yadda yake hira da masu zuwa.

Da na gaji na ce, "Ustaz, yaushe zan fara yankan tikiti?"

Ya ce, "Ƴata, tikiti ko ɗan akuya aka koya wa zai yanka. Ki koyi sanin wa ke amai a mota, wa ke tsoron kare, wa ba ya cin abinci sai da yaji."

Yana da wata takarda da ya zana da kansa, muna ce mata takardar gida. Kowane mutum da layinsa, ko jariri ne: abin da yake so, abin da yake tsoro, da lokacin da barci ke kwashe shi. A kan wannan takarda ake gina hutun gaba ɗaya. Sauran kayan aikina ba su da yawa: tef ɗin nan, ƴar na'urar nuna alƙibla, kwalaben yaji da nake rabawa a filin jirgi, da man kare rana, wanda mutanenmu suke rantsuwa ba sa bukata sai hancinsu ya fara saɓulewa.

Wurin da muka fi kai iyalai shi ne tsibirin Ƙubrus, wanda Turawa ke kira Cyprus. Jirgi ɗaya ne daga Doha, kafin yara su gama rigimar wa zai zauna a taga an sauka. Lokacin da Doha ke tafasa, makarantu a rufe, can iska ce mai daɗi. Akwai bakin teku da ruwan bai wuce gwiwa ba, inda uwa za ta zauna hankalinta kwance. Akwai jirgin ruwa mai gilashi a ƙasa da ake kallon kifaye suna wucewa ƙarƙashin ƙafa, akwai ɗan jirgin ƙasa mai zagaya gari da ƙararrawa, akwai wani tsohon masallaci a bakin tafkin gishiri inda muke kai mutane su yi salla. Abincin halal ba ya wuya in ka san lungu. Suna da wani cuku da ake gasawa, yana ƙara a haƙori, na ga Bafulatani ya ci ya yi shiru don girmamawa.

Na taɓa kai wani injiniya ɗan Katsina da iyalinsa, da mahaifinsa da ya zo masa ziyara. A littafin talla na ga an rubuta cewa gonar jakuna ce wurin da iyalai suka fi so, ni kuma ban yi dogon tunani ba na sa ta a ranar farko. Muka isa muka tarar da Turawa sun yi layi, suna ba jaki karas a baki, suna taje masa gashi, suna rungumarsa ana ɗaukar hoto. Tsohon ya tsaya ya dogara sandarsa ya daɗe yana kallo.

"Ƴar nan," ya ce, "jirgi na hau daga gida zuwa Doha, na sake hawa wani zuwa nan, don a nuna mini jaki?"

Na rasa inda zan sa fuskata. Jikokin kuwa, da yake a Doha aka haife su, abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Tsalle suke suna ihu. Da tsohon ya ga yadda mai gonar yake ɗora yara a tsakiyar baya sai haƙurinsa ya ƙare, ya tattare babbar riga, ya haye can ƙugun jakin ba sirdi, ya yi masa wani ɗan sauti da baki, jaki ya ɗauki sassarfa. Turawa suka bar nasu jakunan suka bi shi da kyamara. Da ƙyar muka raba shi da gonar nan, har yana gaya wa mai ita cewa kofaton na uku yana son gyara. Gonar raƙuma dai ban taɓa gigin kai mazaunin Qatar ba.

Shekarar da farashin mai ya faɗi ita ce shekarar da ta gasa mu. Kamfanoni suka dinga sallamar ma'aikata. Mutanen da na tura hutu bara su ne suka dawo ina yanka musu tikitin tafiya ba dawowa, yaran da na auna suna tsaye a bayan iyayensu ba mai dariya. Waɗanda suka tsira da aikinsu kuma suka ɗaure bakin aljihu. Ustaz ya ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Muka fara haɗa gida huɗu ko biyar a bas ɗaya, masauki ɗaya, ni kuma in bi su a matsayin jagora. A irin wannan tafiya na yi kuskuren da ya fi na jaki, kuma kuskure ne da sai Bahaushe zai yi shi.

Dokta Hauwa likitar yara ce, mutuniyar Yauri, mai faɗa a ji a wurin aikinta. Ta zo cike takardar gida da fasfo biyar a hannu. Faruk, ɗan shekara bakwai, yana son kifi, yana tsoron kare. Iman, ƴar biyar, ba ta cin ƙwai, ƙarfe biyu na rana take barci, in aka tashe ta a jira bala'i. Ta yi ta zuba kamar tana karanta fayil. Na buɗe fasfo na ƙarshe na ga Sa'adatu, shekara goma sha huɗu. Na ɗaga kai, Dokta ta mai da idonta kan waya. Nan take na gane ƴar fari ce. Ni ma tsohuwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunan yayanmu ba. Sai na bar layin fari fat, ina ma yaba wa kaina cewa na san ya kamata. Da Ba'indiye ne a kujerata, ko Ustaz, da ya tambaya kai tsaye ya wuce wurin.

Mijinta, Injiniya Sani, shi ya zo karɓar fasfo bayan biza ta fito. Ya tsaya a bakin ƙofa yana juya makullin mota.

"Hajiya, ki sa mu a addu'a. Babbar ta ce gida za ta koma, wajen goggonta. Na ce ta bari mu dawo daga hutun nan. In ra'ayinta bai sauya ba na yi mata alkawari zan kai ta da kaina."

Ya ba ni labarin a taƙaice. Dokta tana ɗaliba ta haife ta, kakar ta ɗauke ta tun yaye ta riƙe a Yauri. Bara kakar ta rasu, aka kawo yarinyar gidansu a unguwar Al Aziziya a nan Doha. Ta tarar da ƙanne da ake runguma ana kiransu da sunayen lele, ita kuwa daga "ke" sai "yarinyar nan". Ta ƙudurta a ranta cewa ba a son ta a gidan. Uwar kuma kwana take kuka a ɗaki, amma in gari ya waye bakinta ba ya buɗuwa. Na ce Allah ya daidaita, na miƙa masa fasfo, ban ko tuna da layin da na bari ba.

Kwana uku na farko a tsibirin ni kaina na yaba wa kaina. Filin wasan ruwa, babu yaron da sanda ta mayar. Gidan kifaye, Faruk ya manna hanci a gilashi har sai da aka janye shi. Ɗan jirgin ƙasa, matan manya sun fi yaran kaɗa ƙararrawa. Akwai Hajiya Mariya, ƴar Zango daga Kumasi, mace mai jiki da murya, ita kaɗai ta isa biki. Ta hau zamiyar ruwa da kayan wankanta mai rufe jiki har idon sawu, ta sauko tana salati da ƙarfi, ta ce ita da abin nan har abada, sannan ta koma layi.

Da yammacin rana ta uku a bakin teku ina ƙirga kawuna, ɗaya ya ɓace mini. Can na hango Sa'adatu a kan benci, jakunkuna a cinyarta, takalman gidansu jere a gabanta. Sai a lokacin na tuna cewa haka na gan ta jiya, haka na gan ta shekaranjiya. Duk abin da na tsara na ƙananan yara ne, ita kuwa ta zama mai gadin kaya. Na je na zauna kusa da ita.

"Ƴata, me kike so a yi gobe?"

"Komai ma, Anti."

Ba ni take kallo ba. Wani Bature ne a cikin ƙaramin kwale-kwalen roba yana ta kokawa da ruwa. Sai na ji ta yi ɗan tsaki.

"Bai iya ba. Yana nutsa filafilin da yawa, shi ya sa kan jirgin ke juyawa."

"Ke kin iya ne?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko ta iya shan ruwa. Ashe gidan kakarta a bakin kogi yake, maƙwabtansu Sarkawa ne, masunta. Tun tana shekara bakwai take tsallaka mata zuwa kasuwa ranar da mazan suka tafi su. Yarinyar da kwana uku ban ji muryarta ba ta yi rabin awa tana ba ni labarin iska da igiyar ruwa, hannuwanta suna tuƙi a sama.

"Dokta ta san kin iya wannan?"

"Yaya ba ta taɓa tambayata ba." Yaya take ce wa uwar, yadda ta taso ta ji kawunnanta suna faɗa. Ta yi ƴar dariya. "Ina jin ko sunana a takarda kawai ta san shi."

Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba a aikin nan. Ni da aka ba amanar kowa da layinsa, na taya a manta da ita, ina kiran abin tarbiyya. Saura kwana biyu mu koma, kuma na san abin da ke jiran ta a Doha.

Na soke yawon gari na washegari, na kira wani mai hayar kwale-kwale da ke kai mutane wajen wasu kogwannin dutse a gefen teku. Da safe na tsaya a gaban bas na yi shela: maza za su riƙe ƙanana a kan yashi, mata da manyan yara za su shiga ruwa, bibbiyu. Na karanto sunaye kamar ƙuri'a ce ta haɗa su.

Dokta ta jawo ni gefe. "Anti Kulu, ni fa ban iya ruwa ba."

"Shi ya sa na haɗa ki da wadda ta iya."

"Ki haɗa ni da ke mana."

"Ni ina da nawa kayan," na ce, na nuna Hajiya Mariya da ake ta fama a samo mata rigar hana nutsewa daidai ita. "Yalla, mu je, Dokta, rana na yi."

Mai kwale-kwalen, wani dattijo da rana ta gasa, ya yi bayani: wanda ya fi iyawa shi ke zama a baya, shi ke juya jirgi, shi ke ba da umarni, na gaba ba ya musu kuma ba ya waiwayowa da ƙarfi. Sa'adatu ta ɗauki filafili ta auna nauyinsa a tafin hannu. Dattijon ya dube ta sau ɗaya ya nuna mata kujerar baya.

Abin da ni da Hajiya Mariya muka yi a ruwan nan ba tuƙi ba ne. Ina ja dama tana ja dama, jirgi yana zagaye wuri ɗaya kamar akuya a turke. Ta ce laifina ne, na ce nata ne, dariya ta hana mu ɗaga hannu. Sai ga su Dokta sun wuce mu sumul, ko fantsama babu. Ina jin muryar yarinyar a sarari.

"Yaya, dama. A'a, kada ki haƙa ruwan, shafa shi za ki yi. Yauwa. Hagu yanzu."

Likitar da ma'aikata ke rawar jiki in ta shigo, ga ta tana cewa "to" da "haka?" kamar ƴar aji ɗaya. Can na ji ta ƙyalƙyale da dariya don ta jiƙa kanta. Yarinyar ma ta yi.

Mun kusa kogon farko, da taimakon dattijon da ya ɗaura mana igiya yana jan mu, sai wani kunkurun teku ya ɗago kai kusa da jirginsu. Dokta ta saki filafili ta lalubo waya za ta ɗauki hoto. Filafili ya zame, ruwa ya ja shi baya, ya zagaya bayan wani dutse. Sa'adatu ta sulale cikin ruwa yadda ta saba a gida, ta bi shi. Mu daga inda muke muna ganin ta sarai, rigarta mai ruwan lemo tana yawo a bayan dutsen. Dokta ce ba ta gani.

"Ke, kin ga abin ya tafi ko?"

Shiru.

"Ke."

Ta ji jirgin ya yi sakayau. Ta waiwaya a hankali, hannuwanta a ƙanƙame da gefe, ta ga kujera babu kowa, ruwa kuma shuɗi har ƙasa. Na buɗe baki in ce mata ga ta can, ban kai ga faɗa ba.

"Sa'adatu! Sa'adatu! Sa'adatu!"

Kogon ya amsa ya dawo da sunan. Duk jiragen da ke wurin suka tsaya. Yarinyar ta ɓullo daga bayan dutse da filafili a hannu, sai ta daina iyo, ta tsaya cak a cikin ruwa rigar tana riƙe da ita, tana kallon uwarta. Ta daɗe a haka kafin ta ƙaraso ta haye. Dokta ta cafke wuyan hannunta ta shiga yi mata faɗa da Hausar Yauri tsantsa, wadda ban taɓa jin ta a bakinta ba, hawaye na zuba, ba ta kuma saki hannun ba. Hajiya Mariya ta ce Allahu Akbar, ta ɗaga hannu biyu sama ta manta a inda take. Jirginmu ya kife. Na sha ruwan gishiri na ƙoshi, ban kuma taɓa jin daɗi a wurin aiki irin na ranar ba.

Da muka fito kowa ya zube a kan yashi. Injiniya Sani, wanda ya jiyo komai daga bakin ruwa, ya duƙufa yana gina wa Iman gidan yashi kamar kwangila aka ba shi, bai yarda ya haɗa ido da kowa ba. Dokta ta zauna tana matse gefen hijabinta. Na zauna kusa da ita ina tari.

"Dokta, ashe kina da murya haka."

"Khalas, ya isa haka, Anti Kulu. Tsoro ne."

Sa'adatu ta dawo daga mayar da filafilai, ta tsaya a kanmu ruwa na ɗiga daga gyalenta.

"Anti, a Doha akwai inda ake tuƙa irin wannan?"

"Akwai, can arewa, cikin wasu itatuwa da ke tsiro a ruwa. Amma sai zafi ya sauka, nan da wata uku."

"Ba komai," ta ce. "Zan jira."

Hannun Injiniya ya tsaya a kan yashi. Na jawo jakata na ciro biro da ƴar takarda da ruwa bai taɓa ba.

"To bari in rubuta tun yanzu. Na mutum biyu ne. Kujerar gaba, Dokta Hauwa. Dokta, wa zan sa a baya?"

Ta harare ni. Ta dubi teku, ta dubi mijinta, ta sake matse hijabin da ya riga ya daina ɗiga. Yarinyar tana tsaye ba ta motsa ba.

"Duk tsibirin nan sun ji, ke ce ba ki ji ba?" in ji Dokta.

"Ruwa ya shiga kunnena."

Ta sunkuyar da kai. Sannan ta faɗa a hankali, da muryar da ake kiran yaro ya zo ya ci abinci.

"Sa'adatu. Rubuta Sa'adatu."